Akwati Ɗaya

A makon da kogi ya shigo Saga
ya miƙe ƙafa a ɗakina kamar mai biyan haya,
a makon ne Zulai ta sauka
cikin ajin lakwal inda aka jibge mu,
ƙarƙashin baƙin allo mai lissafin yaran bara.
Namiji. Kuka kamar na mai bin bashi.

Masu zuwa sai su tsaya bakin ƙofa suna auna harshe.
Wannan ya ce barka, wancan ya ce jaje,
wata tsohuwa ta ɗauko su tare, ta yi tuntuɓe.
Ni kuwa amin ɗaya gare ni,
ban san wanda zan miƙa wa ba.

Tabarauna ya ji ciwo daren gudu,
ido ɗaya garau, ɗaya ya dare kamar fadama da rani.
Na hau kabu-kabu zuwa Katako,
wurin tsoho Amram, Bayahude, mai gyaran agogo da gilashi,
wanda ubansa ya biyo fatauci daga Maroko
ya mutu bai koma ba.
A Tawa ya yi ƙuruciya,
har gobe ba ya cewa i, sai awo.

Juma'a ce, yana son rufewa kafin rana ta faɗi,
amma ya turo mini benci.
Na zazzage masa makon nan duka.
Bai ce barka ba, bai ce jaje ba.
Ya cire fasasshen idon da ɗan hantsaki,
ya naɗe shi a ƙyalle,
ya sa shi cikin gwangwanin da sababbi suke.

Na ce, tsoho, shara kake ajiya?

Ya ce, a wurinmu ana faɗa wa yara:
allunan da Annabi Musa ya sauko da su sun fashe,
aka ba shi wasu.
To ina gutsattsarin?
Ba a share su ba.
Akwati ɗaya aka zuba su da masu lafiya,
kafaɗa ɗaya ta ɗauke su cikin hamada,
kuma duk inda aka sa ƙafa
sai ka ji suna ƙara a ciki.

Ya hura sabon gilashi, ya goga a rigarsa.
Ya ce, labari mai daɗi da addu'arsa,
mai ɗaci ma da tasa,
kalmomin ƙarshe ne suka bambanta,
farkonsu ɗaya.
Daren idinmu ganye mai ɗaci muke tsomawa cikin dabino.
Ba a cewa bari in gama wannan tukuna.
Loma ɗaya ce.

Sai na lura da agogon mace a hannunsa na hagu,
siririn madauri, an ƙara masa huda.
Na Simha ne, in ji shi. Shekara tara.
Kullum ina ba shi wani.
Ya yi dariya, idon yana ruwa,
bai goge ko ɗaya ba.

Jika ɗaya ya karɓa. Ya ce sauran na jariri ne.

Na dawo ta bakin gada da magariba.
Ruwan da ya ci katangata
yana ɗauke da rana kamar faifan zinariya,
na so in zage shi, na kasa,
na so in yaba, na kasa,
na tsaya kawai ina gani da ido biyu.

Ran suna ba rago, akuya muka samu.
Aka raɗa masa Nuhu, mata suka yi guɗa,
wani ya tuna buhunan shinkafarsa ya sunkuyar da kai.
Na laluba aljihu neman goro
sai na ji makullin gidan da babu.
Na daɗe riƙe da shi.

Yana nan cikin jakar kayan yaro,
tsakanin hula da sabulu.
In Zulai ta ɗauka za ta awo,
daga nan nake jin sa.